Shagon Tsofaffin Kaya na Bayan Tasha

Malam Madori gari ne da jirgin ƙasa ya raya. Haɗejiya ce uwa, ita ke da ganuwa da fada da tambura, amma da Turawa suka ja layin dogo daga Kano zuwa Nguru, aikin da aka gama a 1930, ba su bi ta cikinta ba. Sun ratsa Ringim da Gagarawa, suka kafa tasha a wajenmu, suka wuce Birniwa. Tun daga nan duk abin da ƙasar Haɗejiya za ta sayar wa duniya, gyaɗa ce ko fata ko ƙaro, sai ya zo ya kwana a garinmu. Baƙi suka cika wuri, ma'aikatan reluwe daga Kudu, Kwarori masu kanti, Barebari, fatake daga Damagaram. Ni ban riski wannan zamani ba. Lokacin da na yi wayo, a farkon shekarun 1980, gyaɗa ta riga ta tafi, jirgi sai jefi-jefi, manyan ɗakunan ajiya na bakin tasha kuwa jemagu ne a ciki. Abin da ya rage na wancan zamani, mafi yawansa ya tattaru a wani shago guda mai ƙofar kwano, a bayan tasha.

Mai shagon dattijo ne dogo, mai ɗan karkataccen wuya. Mu yara Baba muke ce masa, manya kuma su ce Dillali. Babu allon suna a ƙofar, ba a kuma bukatarsa, don kowa ya san in kana neman murfin tsohuwar fitilar ƙwai, ko kana da akushin kakarka da kake son rabuwa da shi, can za ka nufa. Da ka sa kai ciki, warin tsohuwar fata da tsatsa da turaren wuta zai tare ka. Sirdi a rataye, linzami, dutsen guga na gawayi, garmaho da hannunsa ya karye, kan keken ɗinki Singer ba ƙafa, mazari da sauran zare a jikinsa, tandu, fitilar a-ci-bal-bal. Makarantar allonmu tana kusa, saboda haka da an tashe mu sai in zarce can. Aikina shi ne goge tagulla da toka da lemon tsami har ta yi ƙyalli, in cika masa buta, in sayo masa goro. Ladana kuwa labari.

Abu mafi girma a shagon sikelin gyaɗa ne. Ya cinye kusan rabin ɗakin, da faffaɗan dandamalinsa na ƙarfe da doguwar sanda mai lambobi da duwatsun awo a jere. Ban taɓa jin wani ya taya ba, shi ma Baba ba shi da niyyar sayarwa, don a kansa yake shimfiɗa buzu ya zauna. A ƙuruciyarsa ɗan dako ne, kuma a kan irin wannan sikeli ya sauke buhunan da ba sa ƙirguwa. Ya ce da kaka ta yi aka buɗe ciniki, tun asuba jakuna da raƙuma ke yin layi. 'Yan baranda su tare manoma tun a bakin gari su saye a mudu, su kai wa ejan a buhu. Buhu goma sha uku ke yin tan ɗaya. Jirgi ba ya iya kwashewa da saurin da gyaɗar ke shigowa, shi ya sa ake tsiba buhunan hawa-hawa har su zama dala. Mutane da yawa sun ɗauka dalar gyaɗa ta Kano ce kaɗai, saboda hotunan Kano ake bugawa, sunan Alhassan Ɗantata ake ambata, amma mu ma an yi ta a Malam Madori, kuma babbar dala takan ci buhu har dubu goma sha biyar. Baba ya hau ta da buhu a ka. Ya tashi ya gwada mini yadda ake hawan, a karkace, ana bin matakan da buhunan suka bari, ana waƙa don ƙafafu su zo daidai. A nan wuyansa ya karkace, bai sake miƙewa ba har ya bar duniya.

Ba zaƙin labarin kaɗai yake ba ni ba. Ya gaya mini yadda wani akawu kan tura dutsen awo da sauri ya kira lamba, manomi kuwa bai yi boko ba, sai dai ya karɓi abin da aka miƙa masa ya yi godiya. Hukumar sayen amfanin gona ce ke yanke farashi, tana kuma yanke shi ƙasa da abin da take samu a kasuwar Turai, rarar ta tafi asusun gwamnati. Da ita aka yi hanyoyi da makarantu a Arewa, gaskiya ne, amma daga wuyan irin su Baba da gumin manoma ta fito, ban kuma taɓa ganin an rubuta wannan a jikin wani gini ba. Sannan farin 1972 zuwa 1974 ya zo, a 1975 cutar da ke nannaɗe ganyen gyaɗa ta bi gonaki ta ƙarasa abin da fari ya bari, hankalin gwamnati kuma ya riga ya koma kan man fetur. Da masu kanti suka tattara nasu ya nasu, aka yi gwanjon sikelin, Baba ya saye shi a kuɗin ƙarfe.

A ƙarƙashin benci akwai ƙorai da gwangwanaye cike da kuɗin da ba sa sayen komai, nan kuwa na fi daɗewa. Akwai wuri, fari sol, da yawa an fasa bayansu. Baba ya ga kakarsa tana ƙirga shi biyar-biyar a ƙasa da yatsu, hannu na gudu baki na lissafi. Wuri dubu ashirin shi ne keso guda, kaya ne na ƙato. Sai da na girma na karanta cewa daga tsibiran Maldibs na Tekun Indiya da gaɓar Afirka ta Gabas ake kawo shi, kuma Bajamushen nan Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza kuɗin azurfa guda a kan wuri dubu biyu da ɗari biyar. Irin wannan azurfar ma Baba yana da ita, guda uku, a ƙulle cikin tsumma. Tana da hoton wata sarauniyar Ostiriya mai suna Mariya Taresa, kuma kowace ka ɗauka 1780 za ka gani a jiki, don an ci gaba da buga ta da wannan shekarar tun bayan mutuwar sarauniyar. Mata sukan kai wa maƙeran fari a narka a yi munduwa da zobba. Alhazan ƙafa kuma sukan ɗinke ta cikin ɗamara, su bi ta Barno da Chadi da Darfur har bakin Bahar Maliya, don ko'ina a wannan hanya an san ta, ana karɓa.

Sai anini, ɗan ƙarami mai huda a tsakiya da tauraro mai tsini shida. Goma ke yin kobo, kobo uku taro, shida sisi, goma sha biyu sule, sule ashirin fam. Baba yakan sa ni in maimaita har sai na haddace, ko da yake tun 1 ga Janairun 1973 naira ta kore su, fam ya koma naira biyu, sule ya koma kobo goma. Tsofaffi da yawa ba su yarda da banki ba, a tukunya suke binnewa, wani ya mutu bai faɗa wa kowa ba. Da damina ta kayar da tsohuwar katanga sai yara su tsinto, su kawo wa Baba ya ba su na alewa. Wata rana ya ɗora anini guda a kan dandamalin sikelin ya ce mini, "Ka ga waɗannan biyun? Tare suka zo." Bature ya ce da kuɗinsa za a biya haraji. Manomi yana da gero a rumbu, ba shi da sule, gyaɗa ce kawai ake saye da sule. To, sai ya rage gonar gero ya shuka gyaɗa. Shekarar da ruwa ya yi kyau ba a ganin illar haka. Shekarar da ya ɗauke da wuri, sai a buɗe rumbu a ga kasawa. Na zauna a ajujuwa da yawa bayan nan, ban ji wanda ya bayyana mulkin mallaka a taƙaice haka ba.

A bangon ciki, inda rana ba ta kaiwa, akwai sulke a rataye. Tsatsa ta cinye gefensa, wasu zobban sun ɓalle, amma ranar da Baba ya ɗora mini shi a kafaɗa sai da gwiwoyina suka lanƙwashe. Kano ta faɗi hannun Turawa a Fabrairun 1903, Sakkwato a watan Maris, Haɗejiya kuwa ba ta sunkuya ba sai bayan shekara uku. A watan Afrilun 1906 sojoji suka zo da igwa da bindiga mai ruwa, Haɗejiyawa suka fito musu a kan dawaki da takubba da masu. Sarki Muhammadu ya rasu a wannan yaƙi tare da manyan fadawansa da 'ya'yan gari masu yawa, shi ya sa har yau ake ce masa Mai Shahada. Baba ya ce mai wannan sulke yana cikin waɗanda suka fita ba su dawo ba, da dare iyalinsa suka ɗauko shi, suka ɓoye sulken shekara da shekaru a ƙarƙashin gado. Na tambaye shi wane gida ne. Ya ce, "Gidan mutunci ne." Na sake tambaya bayan kwanaki, na zagayo ta wata hanya. Ya kalle ni ya ce, "Yaro, in na faɗa maka, gobe ka haɗu da jikansu a masallaci, da wane ido za ka dube shi? Da idon wanda ya san sun sayar da sulken kakansu don su ci tuwo?"

Wannan ita ce dokar shagon, ban kuma ga ya karya ta ba ko sau ɗaya. Zai gaya maka inda aka ƙera abu, da zamanin wane sarki, da abin da ake yi da shi, da shekarar da ya shigo hannunsa. Sunan gidan da ya fito ne kawai ba za ka ji ba. Kaya irin waɗannan ba daɗi ke fitar da su daga gida ba. Mafi yawansu bayan sallar isha suke zuwa, a hannun wata tsohuwar dillaliya, a naɗe cikin zane, kuma mafi yawansu kayan mata ne. Jeren ɗaki shi ne asusun mace. Tun ana jera ƙorai masu zane da tasoshin tagulla na Bida, har kwalla da samira suka shigo daga Hong Kong da Cekoslobakiya, daga baya masana'antun Kano suka fara yin su, uwa tana tara wa 'yarta tun tana goye, a jera mata ranar aure har kusa da rufi. Ba don a ci abinci a ciki ba ne. Don ranar da miji ya fita ya dawo hannu rabbana ne, ranar ciwo, ranar da za a aurar da ƙanwa.

Baba yana gane nauyin shekara daga abin da dillaliya ta kwance a gabansa. Ya ce da farko kaji da awaki ke tafiya kasuwa, shi ba ya ganinsu. Sai kwalla ta fara zuwa, ɗaya-ɗaya, daga ƙasan jere inda baƙuwa ba za ta lura ba. In abin ya yi nisa sai tasa, sai zanen saƙi, sai azurfa. Ranar da ya ga sirdi ko takobi, ya san maigida da kansa ya miƙa wuya. Iyayensa sun ba shi labarin Kakalaba ta 1914, shi ya ga 'Yar Gusau ta wajen 1942 yana saurayi, ya ga ta 1973 yana cikin wannan shago. Littattafan tarihi suna da sunayen sarakuna da ranakun yaƙi. Abin da talaka ya rabu da shi don ya kai baɗi, a rumfuna irin ta Baba yake. Na san mai binciken tarihi zai yi takaicin sunayen da ya tafi da su kabari, ni ma wani lokaci nakan yi. Amma da a ce yana faɗa, da ba mace ɗaya da za ta aiko masa da ko cokali, da kuma wasu gidajen sun kwana da yunwa don gudun bakin duniya. Ina tare da shi a kan wannan.

Masu saye daga nesa suke zuwa. Dillalan Kasuwar Kurmi sukan sauka da buhuna wayam su koma da su cike da akusa da tanduna da likkafu. Daga Kano kayan su wuce Legas ko Abijan, inda 'yan uwanmu Hausawa suka daɗe da riƙe wannan sana'a, daga can kuma sai ɗakunan Turawa. Tun 1979 akwai dokar da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ta kuma hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba, amma ba wanda ya taɓa zuwa bayan tasharmu ya tambayi abin da ke cikin buhu. Raina yakan ɓaci in ga tasar da na sha wahalar gogewa ta shiga buhu. Baba yana da iyali, sai ya sayar zai ci. Abu guda ne ba ya ciniki a kansa, Alƙur'ani rubutun hannu. In ya shigo a cikin gafakarsa, warƙa-warƙa, da baƙar tawada da jan wasali, sai ya yi alwala kafin ya buɗe. Ya taɓa ɗaga mini warƙa guda a hasken ƙofa, na ga jinjirin wata uku a jere a cikin jikin takardar. A Italiya ake yin ta, ta biyo ayarin raƙuma ta hamada kafin wani alaramma a ƙasarmu ya zauna ya cika ta daga ka. Irin wannan, Baba yakan biya masu shi abin da ya sawwaƙa, ya kai wa malamin tsangaya ya ce a ci gaba da karantawa.

A 1984 na ga abin da yake faɗa da idona. Ruwa ya ɗauke, gero ya bushe a tsaye. A watan Afrilu gwamnatin soja ta Janar Buhari ta canza launin takardun kuɗi ta kuma rufe iyakoki, har mutanen Nijar suka sa wa yunwar wannan shekara sunansa. Baƙi suka riƙa gangarowa daga arewa da yara a kafaɗa. Shagon ya cika har kaya suka fito baranda, masu saye kuwa babu. Kuɗin Baba suka ƙare, ya koma biya da gero, yana aunawa a mudu daga buhun gidansa. A wannan shekarar ce ya hana ni zama bayan magariba. Da an kira salla sai ya ce, "Tashi ka tafi gida, Inna na nemanka." Akwai kuma wani akwatin ƙarfe baƙi mai zanen furanni a bayan sikelin, da kwaɗo a jiki, mabuɗin yana rataye a wuyansa. Bai taɓa buɗe shi ina wurin ba.

Ya rasu 'yan shekaru bayan an ba mu jihar Jigawa a 1991, ina makaranta a Kano. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Aka raba gado yadda shari'a ta ce. Dillalan Kurmi suka kwashi abin da suke so, har da sulken. 'Yan gwangwan suka yanka sikelin da wuta suka loda a mota. Kuɗin wuri da aninan kuwa, yara suka yi wasa da su a lungu har suka ɓace cikin rairayi. Ban ga laifin magada ba, ba su da wurin ajiya, ba kuma wanda ya taɓa nuna musu cewa abin yana da wata daraja da ta wuce nauyinsa.

Akwatin ne kawai bai shiga rabo ba, don ya bar wasiyya a kansa. Da babban ɗansa ya buɗe, sai ya tarar da ƙulli-ƙulli na tsumma, kowanne da 'yar takarda da ajami: sunan gida, da abin da aka bayar, da shekara. Zobba ne da mundaye da 'yan kunne da wuƙar ɗamara mai kube na azurfa, abubuwan da ya ga masu su ba don ransu yana so suka rabu da su ba. Wasiyyar ta ce a mayar wa kowa nasa. Wanda yake da hali ya biya abin da ya karɓa, wanda ba shi da shi an yafe masa. Tsohuwar dillaliyar tana nan da ranta, ita aka ba, ta riƙa bin gidaje bayan isha kamar yadda ta karɓo.

Da na zo hutu, ina cin tuwo a ɗakin Inna, na ga mundaye biyu na azurfa a hannunta. Na san su tun ina ƙarami, na kuma tuna ta ce mana ta ara wa wata 'yar uwarta a ƙauye. Ta ga inda idona yake, ta ce, "Ci abincinka." Sai da na wanke hannu ta ce rabin buhun gero aka ba ta a kansu, shi muka ci har ruwa ya sauka, ko mahaifinmu bai sani ba. Ta ce duk yammacin da na dawo ina ba ta labarin shagon, gabanta faɗuwa yake, tana jiran ranar da zan ce na gan su. Ɗan Baba ya aiko cewa an yafe, ta ƙi. Ta sayar da akuyarta ta aika masa da kuɗin gero a farashin ranar, ta ce mutumin da ya rufa mata asiri shekara goma ba za ta je masa lahira da bashi ba.

A wannan daren ta ba ni labarin mundayen. Da azurfar nan mai hoton sarauniya aka ƙera su, ragowar guzurin kakanta ne da ya tafi Makka a ƙafa. Shi da ƙaninsa suka fita, suna tafiya suna tsayawa su yi noma ko ƙodago su ƙara gaba. A dawowa ƙanin ya tsaya a Sudan, ya kama aikin auduga a Jazira, ya yi aure a wajen Wad Madani, bai sake ganin gida ba. Ta faɗa mini sunansa da sunan 'ya'yansa biyu da labarinsu ya iso ta bakin alhazai, na ɗauko littafin makarantata na rubuta a bangon baya. Mundayen suna hannun ƙanwata yanzu, an ba ta ranar aurenta. Sunayen kuma na ba wani abokina da ya yi karatu a Sudan, ya yi ta cigiya a unguwannin Hausawa, har aka haɗa shi da wani dattijo da ya san gidan.